Zani, Jakar Goyo ko Keke: Zaga Istanbul da Yaron da Kika Karɓi Riƙonsa Kwanan Nan

Watan yarinyar biyu a hannuna tafiyar Istanbul ta taso. 'Yar ƙanwar maigidana ce, mahaifiyarta ta rasu ta bar ta da shekara biyu da 'yan watanni, dangi suka zauna aka ba mu riƙonta. Ni kuwa dama nakan je Laleli, unguwar 'yan sari a Istanbul, saro kaya. Zuciyata ba ta kwanta da in bar ta a hannun wasu ba, alhali yanzu ta fara gane muryata, sai muka ce a tafi gaba ɗaya, a ƙara kwana huɗu a kan na kasuwa a ga gari. Gardamar da ta fi daɗewa tsakanina da maigida ita ce ta abin da za a ɗauki yarinyar da shi. Shi ya kafe a kan keken tura yara, ni na ce zani ya ishe ni. Daga ƙarshe muka tafi da duka biyun, muka kuma sayi jakar goyo a can a kwana na biyu. Don haka duk na gwada su a titunan gari ɗaya, da yarinya ɗaya.

Kafin a shiga batun kaya, a gyara takardu. Aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu, saboda haka sunan da ke fasfon yaron riƙo ba zai zo ɗaya da naku ba, jami'an shige da fice kuma za su tambaya, don aikinsu ke nan tunda ana safarar yara. Ki riƙe takardar kotu ta riƙo, da takardar haihuwarsa, da wasiƙar amincewar uba idan yana raye, a jakar hannu, kar ki saka su cikin akwati.

Ma'aunan da na yi amfani da su

Na farko, wanda ya danne sauran, shi ne kusanci. Yaron da kika haifa, in ya ɓace miki da gani a cikin taro, kuka zai fasa yana neman ki. Wanda ya zo hannunki wata biyu da suka wuce bai gama yanke wa kansa ko ke wace ce ba. Wani zai maƙale miki da ƙiwa har ba dama ki shiga banɗaki, wani kuma, wannan shi ya fi ban tsoro, duk wanda ya miƙo hannu zai bi. Mutanen Turkiyya kuwa Allah ya zuba musu son yara. Za su ja kumatu, su ce masha Allah, su miƙo alawa, su nemi ɗaukar hoto, balle sun ga baƙar yarinya da kitso. A cikin Babbar Kasuwa, wato Grand Bazaar, wani dattijo mai sayar da fitilu ya buɗe hannuwa yana wasa, kafin in ankara ta zame daga keke ta tafi gare shi. Ya ɗaga ta sama, ya ba ta lokum, wata alawarsu mai taushi, ta kwantar da kai a kafaɗarsa. Da na zo karɓarta sai ta ƙanƙame wuyansa tana kuka. Mutumin kirki ne, shi ma kunya ta kama shi. Mu kan ce ɗa na kowa ne, amma a wannan lokacin abin da yarinyar ke buƙatar koyo shi ne cewa akwai mutum biyu da take tasu.

Na biyu, yanayin ƙasar garin. Tsohon birnin a kan tuddai yake. Titunan unguwannin Sultanahmet da Galata daɓen duwatsu ne, gefen hanya ƙunci gare shi, sau da yawa an kafa tebura ko an ajiye babur a kai. Wuraren da mutum ya zo gani kuma cike suke da matakala.

Na uku, barci da saurin janyewa. Agogon Istanbul yana gaban namu da awa biyu, wato yarinyar da ta saba barcin ƙarfe ɗaya a gida sai ƙarfe uku na can zai ɗauke ta, daidai lokacin da kuke tsakiyar layi. In rigima ta tashi, minti nawa zai ɗauke ki ki fice daga wurin?

Sai sauran da kowa ya sani: kuɗi, ƙarko, wahalar jikin mai ɗauka, da haɗari.

Zani da majanyi

Kuɗinsa kusan babu, yadi biyu ne daga turmin atamfar da ke cikin akwatinki. Ba ya karyewa, ba shi da ƙarfen da zai ɓalle, in ya ɓaci ki wanke a bahon masauki ki shanya. Ya zama bargo a jirgi, ya zama shimfiɗar canza famfas, ya zama abin lulluɓe idan iskar teku ta kaɗo.

A ma'aunin kusanci babu abin da ya kamo ƙafarsa, musamman ga yaron da ya tashi a gidan Hausawa. Bayan uwa shi ne wuri na farko da ya sani. Tawa ranar farko da na goya ta a harabar Masallacin Sultan Ahmad, mai hasumiya shida, shiru ta yi, ta ɗora kunnenta a tsakiyar bayana, ta kama bakin mayafina tana murzawa da yatsu har barci ya kwashe ta. Da ita a baya na cire takalmi, na saka a ledar da ake bayarwa a ƙofa, na shiga ɓangaren mata. Haka na yi azahar a Masallacin Ayasofiya ma. Ba baƙon abu ba ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito Manzon Allah (SAW) yana sallah ɗauke da jikarsa Umama. Sai dai in daga gidan marayu yaron ya fito, mai yiwuwa ba a goye shi sosai ba, zai iya sandarewa yana turjiya. Ki gwada a gida makonni kafin tafiya, kar ranar farko ta zama a filin jirgi.

Aibinsa uku ne, kuma ba ƙanana ba. Ɗan shekara biyu yana kai kilo 11 zuwa 13, zani kuma a ƙirji yake tara nauyin. Ranar da muka hau tudun Masallacin Sulaimaniyya, wanda Mimar Sinan ya gina tsakanin 1550 da 1557, sau uku na tsaya na kwance na sake ɗauri, numfashina na fita da ƙyar. Na biyu, maigida ba zai ɗaura zani ba, ko a ƙasar da babu wanda ya san shi, don haka kayan naki ne daga safe har dare. Na uku, a cunkoson tiram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, ba kya ganin abin da ke faruwa a bayanki: jakar wani na iya dokar fuskarta, wani na iya miƙa mata abin ci. A irin wurin nakan sauko da ita in rungume ta a gaba. In kuma a watannin sanyi za ku je, Disamba zuwa Fabrairu, zani a kan rigar sanyi mai santsi zamewa yake yi.

Jakar goyo mai ɗamara

Wannan ita ce mai faffaɗar ɗamara a ƙugu da madauri biyu a kafaɗa. Ta kamfanonin da aka sani irin su Ergobaby takan haura dala 100, kuma tana ɗaukar yaro har kilo 20, wato za ta yi miki shekaru ta kuma yi wa na baya. Akwai masu araha birjik a kasuwa, wasu ma da tambarin manyan kamfanoni a jiki alhali jabu ne. Abin dubawa shi ne maƙullan roba da ɗinkin inda madauri ya haɗu da jiki. Ki ja da ƙarfi a gaban mai shago. Ki kuma duba mazaunin: ya zama mai faɗi, ya tallafe cinya daga bayan gwiwa zuwa bayan gwiwa. Mai siririn mazauni da ƙafafu ke reto, ɗan shekara biyu ba zai yi rabin awa a ciki ba.

Abin da ta fi zani da shi: nauyin yana sauka a ƙugu, ana iya juya yaron gaba yana fuskantar ƙirjinki, sannan namiji yana ɗauka ba tare da jin kunya ba. Wannan na ƙarshen ya fi yadda na zata muhimmanci. Kafin tafiyar yarinyar ba ta yarda da maigida, in ya shigo ɗaki bayan ƙafata take ɓuya. A tafkin ƙarƙashin ƙasa na Yerebatan, wanda aka gina a ƙarni na 6 zamanin Sarki Justiniyan, sai an sauka matakala 52 kafin a tarar da ginshiƙai 336 tsaye cikin ruwa, ga duhu, ga ɗigar ruwa daga sama. Shi ne ya ɗauke ta a gaba. Da tsoro ya kama ta, cikin rigarsa ta cusa fuska. Muna fitowa hasken rana na ga ta riƙe gemunsa.

Matsalarta zafi. A Yuli da Agusta garin yana da gumi mai naso, ku biyun za ku jiƙe sharkaf. Sannan akwai koyon ɗaurawa, musamman goyon baya, wanda a karon farko sai da wani ya tallafa mini. In za ki zauna cin abinci kuma babu inda za ki ajiye yaron da ya yi barci, sai ki ci da shi a jikinki, ko ki shimfiɗa masa zani a kujera.

Ƙaramin keke mai naɗewa

Masu sauƙin kuɗi ba sa kai dala 100. Masu tsada irin YOYO, da ke naɗewa har ya shiga ma'ajiyar kaya ta saman kujerar jirgi, nauyinsa wajen kilo 6, yakan haura dala 400. Kamfanonin jirage sukan bari a tura keke har bakin ƙofar jirgi sannan su karɓa. A filin jirgin Istanbul, wanda aka buɗe a 2018, keke rahama ne, don tafiyar da ke tsakanin inda aka sauke ku da inda ake buga fasfo ba kaɗan ba ce.

A cikin gari ne labari ya canza. Ƙananan tayoyi da daɓen dutse ba sa ga maciji. Namu mai araha ne, tayar gaba ta fara karkacewa a kwana na uku, yarinyar kuma haƙoranta har haɗuwa suke don girgiza. A masallatai a ƙofa za ki bar shi. A Ayasofiya, tun Janairun 2024 baƙi 'yan yawon buɗe ido suna biyan yuro 25 su hau bene na sama, hawan kuma sai dai a ɗauki yaro a hannu. Hawa zuwa Hasumiyar Galata daga Karakoy tudu ne tsaye da matakalai a wasu lungunan. Sau nawa maigida ya saɓa keken a kafaɗa ni kuma na saɓa yarinyar, muna tafe muna hidimar abin da muka kawo don ya yi mana hidima.

Babban abin da ya sa na rage masa maki shi ne inda yake juya fuskar yaro. Yawancin ƙananan kekuna gaba suke kallo. A Babbar Kasuwa, mai tituna 61 da shaguna wajen 4,000, abin da yarinyar ke gani gwiwoyin baƙi ne da jakunkuna suna nufo ta, ke kuma kina bayanta, ba ta ganinki, hayaniya ba ta barinta ta ji muryarki. Kuma a daidai tsayin da kowa zai sunkuya ya taɓa ta take. Abin da ya faru da mai fitilun nan daga keke ya faro, don na sassauta mata ɗamarar tana mita.

Amma kar in zalunce shi. A Lambun Gulhane da ke ƙasan Fadar Topkapi, da bakin ruwa a Uskudar, da Miniaturk inda aka ƙera ƙananan siffofin gine-ginen ƙasar, hanya shimfiɗe take, keke yana tafiya sumul. Nan ne kawai ta yi barcin awa biyu a miƙe muka sha shayi da hannu biyu. Kwandon ƙasansa kuma ya ɗauke mana ruwa da famfas da kayan canji.

Babban keke, da igiyar hannu

Babban keke mai manyan tayoyi yana cin daɓen dutse ba wahala, wasu ma ana juya kujerarsu ta fuskanci mai turawa, wanda ya magance matsalar da na ambata. Ƙarko kuwa ya fi kowa. Sai dai yawancinsu sun haura kilo 10, ba sa shiga tiram idan ya cika, but ɗin tasi ma da ƙyar, ƙananan otal-otal na Sultanahmet da Laleli kuma lif ɗinsu ɗan tsut ne in ma akwai.

Igiyar da ake ɗaura wa yaro a wuyan hannu ba ta da tsada, tana da amfani a fili inda yake son ya taka da ƙafarsa. Kar ki bar ta ɗaure wajen shiga tiram ko kan matakala mai tafiya da kanta. Tawa ta tsane ta, zama ta yi dirshan a ƙasa, ban sake fito da ita ba.

| Abin ɗauka | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi a tsohon birni | Kusanci | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Zani da majanyi | Kusan kyauta | Sosai | Yana shiga ko'ina, amma da gajiya | Mafi kyau | Ɗauri ya kwance, ba kya ganin bayanki |
| Jakar goyo | Mai kyau ta haura dala 100 | Shekaru | Mafi sauƙi, mace da namiji | Sosai | Jabun maƙulli, zafi |
| Ƙaramin keke | Ƙasa da dala 100 zuwa sama da 400 | Mai araha ba ya jure dutse | Wahala a tudu da matakala | Kaɗan | Yaro ya zame ya bi wani |
| Babban keke | Mai tsada | Sosai | Nauyi, ba ya shiga cunkoso | Matsakaici in kujera na juyawa | Gangara a tudu in ba a taka birki ba |
| Igiyar hannu | Araha | Matsakaici | A fili kawai | Kaɗan | Ƙofar tiram |

Abin hawa

Zaɓin abin ɗauka yana tafiya ne da abin da za ku hau. Tiram layin T1, ƙaramin jirgin ƙasa da ke bi ta tsakiyar titi, shi ne jijiyar tsohon birni. Daga Laleli tasha uku ce zuwa Sultanahmet, wasu uku kuma zuwa Eminonu inda jiragen fito suke. Da katin Istanbulkart ake biyan tiram da jirgin ruwa da na ƙarƙashin ƙasa duka, ɗan shekara biyu kuma ba a biya masa. Daɓensa daidai yake da dandamalin tasha, keke yana shiga ba ɗagawa, in an sami wuri. Da safe da yamma ba a samu.

Jirgin fito shi ne abin da na fi yaba wa mai sabon yaro. Daga Eminonu zuwa Uskudar ko Kadikoy, ɓangaren Asiya, bai kai rabin awa ba. Akwai kujera, akwai banɗaki, ana zagayawa da shayi, yaro yana kan cinyarki babu inda za shi, yana kallon tsuntsayen teku suna cafke gutsuren simit, burodin nan mai riɗi, da fasinjoji ke jefa musu. Daga kan ruwa za ki ga Topkapi da Ayasofiya da Sulaimaniyya a jere ba ki taka tudu ko ɗaya ba. A nan na fara jin dariyar yarinyar da ƙarfi. Akwai zagayen mashigin Bosforus na wajen awa biyu, akwai kuma dogon da ke cin kusan awa shida har Anadolu Kavagi. Dogon ya yi wa ƙaramin yaro yawa.

Tasi tana da ranarta, musamman da dare ko in ruwa ya sauko, amma da wuya ki sami kujerar yara a ciki, go-sulo kuma na iya mayar da tafiyar minti goma ta zama ta awa. Wani direba ya ƙi ɗaukarmu da ya ji wurin kusa ne, ga yarinya na kuka. Motar haya ta yini da direba, wadda za ki nemi a saka kujerar yaro tun wajen yin ciniki, ta fi tsada nesa ba kusa ba, amfaninta kuma a wuraren nesa ne da hanyar filin jirgi, don tsakiyar Sultanahmet ta masu ƙafa ce, dole a sauke ku a taka. Yawon rukuni da ɗan jagora mai ɗaga tuta kuwa ban ba kowa shawararsa ba a wannan halin. Tafiyarsu da agogo ce, mutum talatin ba za su jira ki lallashi yaro ba, kuma hannu talatin ne za su yi ta miƙowa suna son ɗaukarsa.

Wanne ya dace da wa

In yaron bai kai wata shida a hannunki ba, kuma masallatai da kasuwanni kika zo gani, ki sayi jakar goyo mai kyau, ki jefa zani a jaka, ki bar keke a gida. Wuri ɗaya babba da safe, jirgin fito da yamma, ya isa yini.

In ke kaɗai ce ba maigida, yaron kuma ya saba da goyo tun a gidansu, zani da majanyi sun wadatar, da sharaɗin masaukinki yana kusa da layin T1, kuma kin cire Galata da hawan Sulaimaniyya daga lissafi. Ziyarar Masallacin Ayyub Sultan, inda kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, ba ta da wannan wahalar, tiram T5 daga Eminonu yana bin bakin ruwa har unguwar.

In kina da ciwon baya, ko juna biyu, ko yaron ya haura kilo 15, keke ya zama dole. Ki nemi wanda kujerarsa ke juyowa ta fuskance ki, ki ɗaure ɗamarar ko yana mita, ki karkata yawonku zuwa Gulhane da Uskudar da Miniaturk, maigida ya riƙe jakar goyo don wuraren matakala.

In yaron yana ƙin a taɓa shi, yana sandarewa in an rungume shi, kar ki tilasta masa goyo a tsakiyar baƙin gari. Ƙaramin keke, gajerun fita, da zama kusa da shi a jirgin ruwa sun fi.

In kuma kasuwa ce ainihin abin da ya kawo ki, kwanakin Laleli ku raba aiki: ke ki shiga shaguna, maigida ya zauna da yaron a masauki ko ya sauka da shi Gulhane a jakar goyo, ku haɗu da la'asar a Eminonu. Ki tuna Babbar Kasuwa ba ta buɗewa ranar Lahadi, Topkapi kuma ranar Talata, lambar neman agajin gaggawa 112 ce, kemis kuma "eczane" za ki ga an rubuta a ƙofarsa.